Waiwaye: yadda aka yi talaka ya samu hanyar shiga kurmi a Ingila

Duk wanda ya taɓa ganin hoton irin kurmin nan na karkarar Ingila, ga 'yar turba ta ratsa tsakanin bishiyoyi, ga allo an kafa a bakin hanya da taswira a jiki, mutane na tafe da yaransu ba mai ce musu daga ina sai ina, zai ɗauka haka abin yake tun fil azal. To ba haka bane fa. Turbar nan da ake takawa kyauta sai da aka kwashe ɗaruruwan shekaru ana ja-in-ja a kanta, kuma har yau maganar bata mutu ba.

Tushen abin tun zamanin Sarki Wiliyam ne, wanda ya tsallako daga Nomandi ta arewacin Faransa ya ci Ingila da yaƙi a 1066. Mutum ne mai son farauta kamar me, sai ya riƙa keɓe manyan yankuna yana cewa gandun sarki ne, ɗaya daga ciki shi ne New Forest da aka keɓe wajen 1079, har gobe sunan kenan, wato sabon daji, alhali ya doshi shekara dubu. Kuma gandun ba wai bishiyoyi zalla bane, akwai ƙauyuka da gonaki a ciki, kana zaune barewa zata shigo ta cinye maka shuka baka da ikon taɓa ta, karenka ma sai an yanke masa farata uku a ƙafar gaba don kar ya iya bin nama, wanda aka kama ya kashe barewar sarki kuwa ana iya makantar da shi. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

A 1217, lokacin Sarki Henri na uku yana yaro ɗan shekara goma, aka fitar da wata takardar yarjejeniya musamman kan dazuzzuka, ƙanwar Magna Carta ce, wato shahararriyar yarjejeniyar nan da ta taƙaita ikon sarki, amma ita wannan mutane basu cika saninta ba. A ciki aka ce daga yanzu ba wanda za a kashe ko a yanke masa gaɓa saboda naman sarki, aka kuma tabbatar wa 'yantattun mutane haƙƙinsu na kiwo da amfani da itacen dajinsu. Sai a 1971 aka soke ragowarta daga littafin doka. Sai dai a lura, ba maganar yawon shan iska ake ba a lokacin, maganar itacen girki ce da abincin dabbobi, mutum na shiga kurmi ne don ya rayu.

Wurin da na fi so a tarihin nan shi ne dajin Epping, arewa maso gabas da Landan. A ƙarni na 19 masu ƙasa suka shiga zagaye fili da shinge, yau an ci nan gobe an ci can, har aka cinye wajen rabin dajin. Mutanen ƙauyen Loughton kuwa suna da wani tsohon haƙƙi na saran rassa a lokacin sanyi, ana farawa ne da tsakar daren 11 ga Nuwamba kowace shekara. Da mai ƙasar wurin ya kafa shingensa, wani lebura mai suna Thomas Willingale ya ce shi fa bai san zance ba, ya ci gaba da saransa, a 1866 aka ɗaure ɗansa da wasu 'yan uwansa na 'yan kwanaki kan wannan saran, shi kuma ya kai ƙara kotu, ya rasu a 1870 ba a gama shari'ar ba. Amma tsayawar da ya yi ta ja hankalin masu ƙarfi. Hukumar tsohon birnin Landan tana da maƙabarta a gefen dajin, wannan ya bata haƙƙin kiwo kamar kowane maƙwabci, da shi ta shiga kotu ta kuma yi nasara a 1874. A 1878 majalisa ta yi doka ta damƙa mata dajin da sharaɗin ya zauna a buɗe ba shinge ba gini don jama'a su huta, a 1882 Sarauniya Biktoriya ta je da kanta ta ce ta sadaukar da shi ga mutanenta.

Abin da ke sosa min rai shi ne dokar da ta ceci dajin ita ce ta kashe saran rassan, aka biya mutanen Loughton diyya aka gina musu zauren taro da kuɗin. To in ka shiga Epping yau zaka ga dubban tsofaffin bishiyoyi masu kauri, gindi ɗaya ne har ya ɗan wuce tsayin mutum sannan ya rabu ya yi manyan rassa barkatai kamar yatsun hannu. Ba halittarsu bace haka. Daidai wurin ake datse su shekara da shekaru, sama da inda bakin shanu da barewa zai kai, don tofon ya tsira, da aka daina sai rassan suka yi ta girma suka yi nauyi har wasu na tsaga uwar bishiyar, yanzu masu kula da dajin na rage musu nauyi a hankali don kar su faɗi. Haka a wasu kurmin zaka ga sanduna da yawa sun fito daga kututture ɗaya a ƙasa, alamar an daɗe ana sare shi daga gindi don gawayi da sandunan shinge, ko ka ga wata 'yar ganuwa ta ƙasa da kwari a gefenta duk ganye ya rufe, tsohuwar iyaka ce. Wanda ya san wannan, tafiyarsa a turba daban take da ta wanda ya zo ɗaukar hoto kawai.

Yaƙin duniya na ɗaya ya cinye katakon ƙasar, daji ya koma kamar kashi 5 cikin 100 na faɗin Birtaniya, shi ya sa aka kafa hukumar gandun daji a 1919. Ta yi shuka sosai, yanzu ana maganar kashi 13, amma an yi ɓarna ma a hanya, musamman bayan yaƙi na biyu an sassabe tsofaffin kurmi da yawa an dasa itatuwan katako masu saurin girma a layi a layi. Kurmin da ake kira tsoho a Ingila shi ne wanda yake nan tun 1600 bai taɓa zama gona ba, kuma irinsa bai wuce kashi biyu da rabi na ƙasar Birtaniya ba. Ganin haka Kenneth Watkins ya kafa ƙungiyar Woodland Trust a Devon a 1972, tana sayen kurmi tana buɗe wa kowa.

Dokar shekarar 2000 da ta ba mutane damar yawo a duwatsu da filayen kiwo na gama gari bata haɗa da kurmi ba, kuma duk filin da ta buɗe kamar kashi 8 ne na Ingila. Sikotlan ta fi su zarra, dokarta ta 2003 ta buɗe kusan ko'ina matuƙar mutum ba zai yi ɓarna ba. A Ingila kuwa in kurmi na wani ne, sai dai ka bi hanyar ƙafa da doka ta sani in akwai, in babu sai da yardarsa. Shi ya sa da gwamnati ta kawo shirin sayar da dazuzzukan hukuma, hekta kusan 258,000, mutane suka tashi haiƙan, sama da rabin miliyan suka sa hannu a takardar ƙin yarda, a watan Fabrairun 2011 ministar muhalli Caroline Spelman ta tsaya gaban majalisa ta nemi afuwa ta ce sun yi kuskure, aka janye shirin. Masu fafutuka kuma yanzu kurmi da bakin koguna suke nema a saka cikin dokar 2000 ɗin.