Ma'anar Fendulam da Ƙarfin da Ke Mayar da Shi Tsakiya

Tun da aka fara kaɗa gangar siyasa, masu sharhi a gidajen rediyo suka kama kalmar fendulam suka riƙe, kullum sai ka ji an ce ya karkata ga wannan jam'iyya ko wancan yanki, kamar abu ne da ke zaɓar gefe ya yi zamansa. Wannan amfani yana damuna ƙwarai, domin ya juya ma'anar kalmar baibai.

Fendulam nauyi ne da aka rataye da igiya yana reto, irin lilon da yara ke ɗaurawa a reshen bishiya. Abin da ya ba shi matsayi a darasin fiziks shi ne ƙarfin mayarwa, wato ƙarfin da a kowane lokaci tsakiya yake fuskanta. Idan wannan ƙarfi yana ƙaruwa daidai gwargwadon nisan da abin ya yi daga matsayarsa, har ya zama ninka nisa na nufin ninka ja, to motsin da ake samu shi ne sassauƙan motsin kai-komo. Robert Hooke ya bayyana wannan ƙa'ida game da sifirin a 1678, kuma fendulam yana bin ta ne kawai muddin retonsa bai yi faɗi ba.

A nan ruɗun yake, har a wajen ɗalibai. Lokacin da lilo ya kai ƙarshen tashinsa ya tsaya cak, a sannan ne jan da ke mayar da shi ya fi tsanani, sa'annan idan ya iso tsakiya jan ya ƙare ƙaf, amma gudunsa ya kai maƙura. Babu abin da ke jan sa zuwa ɗaya gefen. Gudun da ya ɗauko ne ke zarcewa da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da zuwa da dawowa ke ci bai dogara da nauyin abin da aka rataye ba, sai da tsawon igiya da ƙarfin jan ƙasa. Igiya mai kusan mita 1 tana cin sakan 1 daga gefe zuwa gefe, kuma sai an ninka tsawonta sau 4 kafin lokacin ya ninku sau 2. A kan wannan daidaito Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya gina agogonsa a 1656. Da Jean Richer, masanin taurari na ƙasar Faransa, ya kai irin wannan agogo Cayenne a Kudancin Amurka a 1672, sai ya tarar yana lattin kusan minti 2 da rabi a kullum idan aka kwatanta da Faris, domin jan ƙasa ya ɗan fi rauni kusa da ikwaita, wato layin da ya zagaye ƙugun duniya, dole ya rage tsawon fendulam ɗin da kusan milimita 3. Da wannan awo Isaac Newton ya kafa hujja cewa duniya ta ɗan kumbura a ƙugunta.