Inshorar jirgin ruwan alfarma a tsakiyar teku: dokar wa ke aiki?

Mai mota ya san wanda ke tilasta masa yin inshora, ƙasar da yake tuƙi a kan titinta. Attajirin da ya mallaki jirgin ruwan shaƙatawa, ya ɗauki kyaftin da injiniya da mai dafa abinci suna yi masa aiki a ciki, tasa ba ta zo da wannan sauƙin ba. Bisa yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, ruwan da ke mallakin ƙasa bai wuce mil 12 na teku daga gaɓarta ba, sai kuma yankin da take da haƙƙin cin arzikinsa har mil 200. Can tsakiyar teku ba na kowa ba ne. Dokar da ke bin jirgi a nan ita ce ta ƙasar da ya yi rajista yake ɗauke da tutarta. Shi ya sa ake yawan ganin tutar Tsibiran Cayman ko Malta ko Tsibiran Marshall a bayan jiragen da masu su ba su taɓa zama a waɗannan wurare ba.

Babu wata doka guda ta duniya da ta ce dole kowane jirgin shaƙatawa ya yi inshora. Tilas ɗin daga gefe yake ɓullowa. Yarjejeniyar Nairobi ta 2007, wadda ta fara aiki a 2015, ta wajabta wa jirgi mai tan 300 zuwa sama ya riƙe takardar inshorar kwashe tarkacensa idan ya nutse. Wanda ya haura tan 1,000 kuma sai ya ƙara da ta malalar man da yake sha. Tan a nan ma'aunin girman cikin jirgi ne, ba nauyinsa ba. Sannan jirgi ba ya tabbata a teku, dole wata rana ya nemi gaɓa, kuma ƙasashe irin su Italiya da Sifen da Girka suna neman shaidar inshorar ɓarnar da zai iya yi wa wasu.

Inshorar kanta gida biyu ce. Akwai ta gangar jikin jirgi da injinsa, wadda galibi ake yanke mata ƙima tun ranar sa hannu, in ya halaka a biya wannan adadin. Akwai kuma ta alhaki: ran ma'aikaci ko baƙo, gurɓata ruwa, karo da kayan wani, ɗauko jirgi daga ƙarƙashin teku. Wannan ta biyun ƙungiyoyin taimakon juna na masu jirage da ake kira P&I ne suka fi ɗaukarta, kuma asarar da take ɗauka ce ke iya ninka kuɗin jirgin. Jirgin Bayesian mai tsawon mita 56 da ya nutse kusa da Sicily a watan Agustan 2024, mutum bakwai suka rasu a cikinsa, kuma sai a watan Yunin 2025 aka iya ciro shi daga ruwa.

Batun ma'aikata shi ne inda masu jirage suka fi yin sakaci. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006 ta shafi jiragen da ke harkar kasuwanci ne, don haka jirgin da maigida da iyalinsa kawai ke hawa bai shiga ciki ba. Amma ranar da ya ba da shi shata don ya rage kuɗin mai da albashi, labari ya sauya. Tun 2017 irin wannan jirgi sai ya nuna lamunin da zai mayar da ma'aikata gida, ya biya su bashin albashi har na wata huɗu in aka yi watsi da su. Takardar inshorar da aka rubuta don amfanin kai kuwa ba ta ɗaukar asarar da ta auku lokacin shata. Ko ba shata, mai jirgi ba zai tsira daga kuɗin asibitin ma'aikacin da igiya ta guntule wa yatsa ba. In abin ya faɗa ƙarƙashin dokar Jones ta Amurka ta 1920, ma'aikacin na iya maka shi a kotu kan sakaci, abin da ya sa kamfanoni da yawa ke ware ma'aikata Amurkawa ko su tsauwala kuɗi a kansu.

A ganina, abin da ya fi guguwa cin masu jirage shi ne sharuɗɗan da ke jikin takarda. A 2019 wani jirgin shaƙatawa ya kafe a kusa da Fort Lauderdale a jihar Florida. Kamfanin inshorarsa, Great Lakes, ya ƙi biya, hujjarsa ita ce ba a duba kayan kashe gobarar jirgin a kan lokaci ba, alhali ko tartsatsi bai tashi ba. Rigimar ta koma kan dokar wace jiha za a bi, ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a Fabrairun 2024 ta ce a ƙa'ida dokar da aka zaɓa a cikin takardar ita za a bi, wato a nan ta New York, mai tsanani kan saɓa sharaɗi. Dokar inshora ta Birtaniya ta 2015 ta fi sassauci: kamfani ba zai fake da saɓa sharaɗin da ba zai iya ƙara haɗarin asarar da ta faru ba. Zaɓin dokar da za a bi layi ɗaya ne a shafin baya, mutane da yawa ba sa ko kallonsa.

Ɓoye gaskiya ma yana kashe takarda. Jirgin Galatea an yi masa inshorar Yuro miliyan 13, ya ƙone a Atina a 2011, kotu a Landan ta wanke kamfanonin a 2015 saboda ba a gaya musu cewa an kimanta shi a kan kusan rabin wannan kuɗin ba.

Sai iyakar tafiya. Kowace takarda tana zana yankin da jirgi zai yi yawo, in ya fita ba da izini ba, ya fita da ƙafarsa. Lokacin guguwar Atlantika, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kamfanoni kan sa sharaɗi na musamman ga jirgin da zai tsaya a Karibiyan, kuma sun ƙara matsawa bayan ɓarnar guguwar Irma a 2017. Yaƙi ba ya cikin inshorar yau da kullum, daban ake sayen tasa. Wani kwamitin kasuwar inshora ta Landan yana fitar da jerin ruwaye masu haɗari. Mashigin Guinea ya daɗe a ciki saboda 'yan fashin teku, haka ma Mashigin Aden da kudancin Bahar Maliya, inda 'yan Houthi suka fara kai wa jirage hari a ƙarshen 2023. Mai son ratsa waɗannan wurare sai ya sanar tun kafin ya ɗaga anka, a yanka masa ƙarin kuɗi na 'yan kwanaki, in ma kamfanin ya yarda ya ɗauka.