Waiwaye: Mutanen Selma da suka share fage kafin zuwan King

In aka ambaci Selma, garin nan na jihar Alabama a Amurka, sunan Martin Luther King ne ke fara zuwa a rai. To amma gayyatarsa aka yi. Ya iso a Janairun 1965, bayan 'yan garin sun kwashe shekara talatin suna faman nema wa baƙar fata 'yancin zaɓe.

Tun shekarun 1930 Samuel Boynton da matarsa Amelia, dukansu ma'aikatan gona na gwamnati, suke zaga ƙauyukan gundumar Dallas suna jan hankalin manoma baƙar fata su mallaki gona, su kuma yi rajistar zaɓe. Ƙungiyar masu zaɓe ta gundumar, Dallas County Voters League, ita ta riƙe ragamar. Aiki ne mai cin rai. A 1961, cikin baƙar fata kusan 15,000 da suka isa jefa ƙuri'a, masu rajista ba su kai 200 ba. Kwana biyu kacal a wata ake buɗe ofishin rajista, sannan ga jarrabawar karatu da aka shirya don a kayar da mutum. Wanda ya nace kuma, aikinsa ko gonar da yake haya na iya salwanta. Marie Foster ta buɗe aji tana koya wa mutane yadda za su tsallake jarrabawar.

Da Samuel ya rasu a Mayun 1963, taron addu'arsa a cocin Tabernacle ya rikiɗe ya zama babban gangamin farko na neman 'yancin zaɓe a garin. A 1964 wani alƙali ya hana irin waɗannan tarurruka, sai ƙungiyar, ƙarƙashin Fasto Frederick Reese, ta aika wa King goron gayyata.

Abin da ya fi burge ni shi ne tattakin malaman makaranta sama da 100 da Reese ya jagoranta zuwa ginin kotu, inda ofishin rajista yake, ranar 22 ga Janairun 1965. Albashinsu a hannun farar fata yake, amma suka fito.

Ranar 7 ga Maris, yayin wani tattakin neman 'yancin zaɓe a gadar Edmund Pettus da ke Selma, 'yan sanda suka lakaɗa wa Amelia duka har ta suma, hotonta ya zaga duniya. Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe ranar 6 ga Agusta. A 1966, sababbin masu ƙuri'a suka kayar da Jim Clark, shugaban 'yan sandan gundumar da ya daɗe yana korarsu daga ƙofar kotu.