Yunƙurin Tsige Antoni Janar ta Isra'ila a 2025

Yunƙurin tsige Gali Baharav-Miara, Antoni Janar ta Isra'ila, taƙaddama ce ta shari'a da siyasa da ta haɗa gwamnatin Firaminista Benjamin Netanyahu da Kotun Ƙolin ƙasar a shekarar 2025. A ranar 4 ga Agusta majalisar ministoci ta kaɗa ƙuri'ar sallamar ta daga aiki, kotu ta dakatar da matakin a wannan rana, sannan a ranar 14 ga Disamba alƙalai 7 suka soke shi baki ɗaya. Abin da ya ba lamarin nauyi shi ne, matar da ake son a kora ita ce shugabar masu gabatar da ƙara, alhali firaministan kansa yana gaban kotu bisa tuhumar cin hanci.

Muƙamin da ikonsa

A Najeriya Antoni Janar shi ne Ministan Shari'a, kuma shugaban ƙasa na iya sauke shi duk ranar da ya ga dama. A Isra'ila muƙamai biyu ne. Ministan Shari'a ɗan siyasa ne, Antoni Janar kuwa ma'aikacin gwamnati ne da ake naɗawa na wa'adin shekara 6 sau ɗaya tak, ko mulki ya sauya hannu yana nan daram. Shi ke jagorantar masu gabatar da ƙara, sai da izininsa ake binciken firaminista ko a gurfanar da shi. Shi ke wakiltar gwamnati a kotu. Haka kuma, bisa hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 1993, fassarar da ya yi wa doka wajibi ce a kan ma'aikatu har sai wata kotu ta faɗi akasin haka.

Wannan tarin iko a hannun mutum guda shi ne tushen ƙorafin 'yan siyasa masu ra'ayin riƙau, kuma ƙorafin yana da makama: da wuya mutum ɗaya ya zama lauyanka da safe, da yamma kuma ya zama mai tuhumarka. Masu kare tsarin suna amsawa da cewa Isra'ila ba ta da kundin tsarin mulki guda a rubuce, sai jerin Dokokin Tushe da ake iya gyara yawancinsu da rinjaye na yau da kullum. Majalisar dokoki ɗaya ce, wato Knesset mai kujeru 120, kuma duk wanda ya kafa gwamnati shi ke da rinjaye a cikinta. Babu majalisar dattawa, babu gwamnonin jihohi masu iko. Saboda haka birkin da ya rage wa gwamnati bai wuce Antoni Janar da Kotun Ƙoli ba.

Yadda aka kafa ƙa'idar tsigewa

A 1986 gwamnatin Shimon Peres ta gaggauta maye gurbin Antoni Janar Yitzhak Zamir, saboda ya dage sai an binciki hukumar tsaron cikin gida ta Shin Bet kan kisan wasu Falasɗinawa biyu da aka kama da ransu bayan sun yi garkuwa da wata motar bas a 1984. Zamir dai ya riga ya sanar da niyyarsa ta barin aiki, don haka ba a ɗauki abin a matsayin kora kai tsaye ba.

Darasin da ya fi tasiri ya zo ne a Janairun 1997, lokacin mulkin Netanyahu na farko, da aka naɗa wani lauya ɗan jam'iyyar Likud ta Netanyahu, Roni Bar-On, a matsayin Antoni Janar. Ya sauka cikin kwanaki kaɗan, bayan haka aka yi zargin cewa naɗin ciniki ne na siyasa don sassauta wa Aryeh Deri, jagoran jam'iyyar Shas, wanda ake yi wa shari'ar cin hanci. Aka kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon shugaban Kotun Ƙoli Meir Shamgar, kuma a shekarar 2000 gwamnati ta amince da shawarwarinsa. Daga nan naɗi da tsigewa duka sai an bi ta wani kwamitin ƙwararru na mutum 5, wanda tsohon alƙalin Kotun Ƙoli ke shugabanta, da tsohon Ministan Shari'a ko tsohon Antoni Janar, da ɗan majalisa, da wakilin ƙungiyar lauyoyi, da malamin jami'a. Ɗaya daga cikin dalilan da aka yarda a tsige mutum a kansu shi ne saɓani mai zurfi kuma mai ɗorewa da ke hana aiki tare. Raunin wannan tsari guda ne: dukkansa matsayar majalisar ministoci ce kawai, ba a taɓa mayar da shi dokar Knesset ba.

Tushen saɓanin

Gwamnatin Naftali Bennett ce ta naɗa Baharav-Miara a Fabrairun 2022, bisa shawarar Ministan Shari'a na lokacin, Gideon Sa'ar. Ita ce mace ta farko a kujerar. Ta gaji Avichai Mandelblit, wanda a Nuwamban 2019 ya sanar da tuhumar Netanyahu da karɓar rashawa, zamba da cin amana. An fara shari'ar a Mayun 2020, kuma Netanyahu yana musanta zargin.

Da Netanyahu ya dawo mulki a ƙarshen Disamban 2022, Ministan Shari'a Yariv Levin ya fito da shirin rage ikon kotuna, abin da ya jawo zanga-zanga ta tsawon watanni. Baharav-Miara ta soki shirin, ta kuma ƙi kare dokar Yulin 2023 da ta hana kotu soke matakan ministoci bisa hujjar rashin dacewa da hankali. A ranar 1 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta rushe dokar da ƙuri'a 8 da 7. Baharav-Miara da gwamnati sun sake karo kan ɗaukar ɗaliban makarantun addini na Yahudawa masu tsattsauran ra'ayi aikin soja, kan naɗe-naɗen manyan ma'aikata, da kuma korar shugaban Shin Bet Ronen Bar a Maris ɗin 2025, daidai lokacin da hukumarsa ke binciken wasu hadiman firaminista kan zargin karɓar kuɗi masu alaƙa da Qatar. Ministoci suna cewa ta zama jagorar adawa a cikin gida. Ita kuma tana cewa gwamnati na neman lauyan da zai halatta mata duk abin da take so ne.

Matakan tsigewa

Levin ya fara bin hanyar tsige ta a farkon Maris 2025, kuma a ranar 23 ga watan ministoci suka kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa da ita. Mataki na gaba shi ne kai batun gaban kwamitin ƙwararru, wanda tsohon shugaban Kotun Ƙoli Asher Grunis ke jagoranta, amma ba a cike gurabun da suka rage a cikinsa ba. A watan Yuni gwamnati ta sauya ƙa'idar gaba ɗaya, ta kafa kwamitin ministoci ƙarƙashin Amichai Chikli don ya saurari Antoni Janar. Wato waɗanda suka riga suka ce ba su yarda da ita ba su ne za su zauna alƙalanci. Ta ƙi halarta, tana cewa an gama yanke hukunci tun kafin a zauna.

A ranar 4 ga Agusta ministoci 22 suka amince da korar, babu wanda ya ƙi. Netanyahu bai shiga ƙuri'ar ba, domin akwai yarjejeniyar da ta hana shi tsoma hannu a abin da ya shafi shari'arsa. Jam'iyyar adawa ta Yesh Atid da ƙungiyoyin farar hula suka garzaya kotu, Mai Shari'a Noam Sohlberg, wanda aka san shi da ra'ayin riƙau, ya ba da umarnin cewa ta ci gaba da aikinta, kada a naɗa wani. Duk da haka Ministan Sadarwa Shlomo Karhi ya umarci ma'aikatansa su daina bin shawarwarinta.

Hukuncin kotu

Kotun Ƙoli ta fara da ba gwamnati shawarar ta janye ta koma kwamitin Grunis. Gwamnati ta ƙi, kuma ba ta tura lauya ya kare matsayinta a zaman kotu ba. Dangantaka ta riga ta yi tsami, don Levin bai amince da Yitzhak Amit a matsayin shugaban kotun ba tun da aka zaɓe shi a Janairun 2025.

Hukuncin 14 ga Disamba bai shiga batun ko Baharav-Miara ta iya aikinta ko ba ta iya ba, kuma bai ce gwamnati ba ta da ikon tsige Antoni Janar ba. A kan hanyar da aka bi ya tsaya. Alƙalan sun ce an sauya ƙa'ida cikin gaggawa, a tsakiyar yunƙurin tsige mutum guda, ba tare da nazari ko tuntuɓar ƙwararru ba, don haka sauyin na Yuni da korar ta Agusta duka ba su da inganci. Ƙofar kwamitin ƙwararru tana buɗe ga gwamnati idan tana so.

Kafin hukuncin ma, faɗan ya riga ya koma majalisa. A ƙarshen Oktoban 2025 wani ƙudiri na raba muƙamin, a ware mai ba da shawara daga mai gabatar da ƙara, ya tsallake karatun share fage a Knesset. A ranar 30 ga Nuwamba kuma Netanyahu ya miƙa wa Shugaban Ƙasa Isaac Herzog takardar neman afuwa kan tuhumar da ake yi masa. Wa'adin Baharav-Miara a ƙa'ida zai ƙare ne a Fabrairun 2028.