Wai mene ne "oganik" ɗin nan da ya ishe mu?

Kwanakin baya ina cikin adaidaita sahu, direban ya ƙure rediyo, sai ga wani mai tallan zuma yana ta zuba: wai zumarsu oganik ce, ta gargajiya ce zalla, daga ƙauye aka kawo ta, kuma ba a sarrafa ta ba. Duk a numfashi ɗaya fa. Kafin sati ya zagayo kuma na ji wani ɗan siyasa a wani shiri yana cewa maganin tsadar rayuwa da hawan jini shi ne mu koma cin oganik irin na kakanninmu. Ka buɗe WhatsApp, man shanu oganik, kaza oganik, garin kunu oganik, har man bilicin da mata ke haɗawa a roba shi ma wai oganik ne. Abun ya ƙara ƙamari ne tun da rigimar irin shuka na GMO, wato wanda aka sauya wa ƙwayoyin gado a ɗakin gwaji, ta yi zafi, bayan an saki masarar TELA ta cibiyar binciken noma ta Samaru a 2024, kowa ya zama masani, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba ma yana da lacca.

Ni ba cin abincin gida nake ƙi ba, Allah ya sani, a ba ni tuwon dawa miyar kuka da man shanu an gama da ni. Abun da ke ci min rai shi ne yadda aka kwashi abubuwa huɗu daban-daban aka cusa a buhu ɗaya. Oganik magana ce ta yadda aka noma abu. Na gida magana ce ta inda aka noma shi. Gargajiya, tun yaushe muke cinsa. Sarrafawa kuma me aka yi masa bayan ya baro gona. Abu zai iya zama ɗaya daga ciki ya rasa sauran ukun.

Shi oganik a ma'anarsa ta noma, kalmar ma ba tsohuwa ba ce. Wani Bature ɗan Ingila, Lord Northbourne, shi ya fara amfani da ita a wannan ma'anar a 1940, lokacin da takin zamani ya fara mamaye gonakinsu. A 1972 aka kafa IFOAM, ƙungiyar masu noman oganik ta duniya, a Faransa, Amurka ta yi dokarta ta oganik a 1990. Kuma a can ba kalmar da za ka tashi da safe ka manna wa kayanka ba ce. Ba takin zamani, ba maganin feshi na kamfani sai 'yan kaɗan da aka yarje, ba irin GMO, a Amurka sai gonar ta yi shekara 3 ba a zuba mata waɗannan ba, sannan jami'i ya zo ya duba gona ya duba takardu, a ba ka shaida, kuma duk shekara sai an sake dubawa. To fa ka ji. Dokar ba ta ce abun zai ƙara maka lafiya ba, ba ta ce kakanka ya san shi ba. Akwai sukari oganik, akwai biskit oganik, akwai cakulan oganik da ya ƙetaro teku a jirgi, ka ci da yawa sigarka ta hau kamar na kowa.

Wani abun dariya ma, in ka tambayi malamin kimiyyar sinadarai na sakandare, shi a wajensa oganik na nufin sinadarin da aka gina kan kabon. Fetur oganik ne. Leda oganik ce. Takin yuriya, wanda manoman oganik suka haramta wa kansu, a ajin kimiyya oganik ne, shi ne ma wanda Friedrich Wöhler ya haɗa a ɗakin gwaji a 1828 har ake ba da labarinsa a darasin farko. Saboda haka mai man bilicin nan ta wata fuskar ba ƙarya ta yi ba.

Sai maganar na gida. Waken da ke Dawanau na gida ne, babu tantama, manomanmu ne suka noma shi. Amma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari mai suna dichlorvos da aka riƙa samu a ciki, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Kuma yawanci ba a gona ake zuba shi ba, a wajen ajiya ne, don kar ƙwari su huda shi kafin farashi ya tashi. Ga shi na gida, ga shi na gargajiya don wake ɗan asalin Afirka ne, ba a niƙa ba ba a yi masa komai ba, amma ina oganik ɗin? Shi ya sa buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska ƙwarin su mutu ba tare da magani ba, ya fi min amfani sau dubu a kan kowace kwali mai hoton ganye.

Amma inda na fi jin haushi shi ne wannan "ba a sarrafa ba" ɗin. Wai abincin kakanninmu ba sarrafaffe ba ne. Duk mai faɗin haka bai taɓa ganin ana daddawa ba.

Akwai wata gwaggona da sana'arta kenan har ƙarfinta ya ƙare, kuma duk unguwa an san ranar da ta ɗora tukunya. Ɗorawa za a fara samowa, a ɓare, a raba garin nan mai ruwan ƙwai da 'ya'yan, wato kalwa. Ita kalwa in ka jefa ta a baki ɗanya sai dai haƙorinka ya bari, ba abinci ba ce sam. Sai a zuba a ƙatuwar tukunya a yi ta tura itace, wuni guda ko ma a kwana ana dahuwa ana ƙara ruwa, har ɓawon ya yi laushi. A sauke a zuba a turmi da toka ko yashi a sussuka, a kai wajen ruwa a yi ta wanki ana murzawa ana tsame ɓawo, aikin da ke cinye bayan mace. A sake mayarwa wuta, wannan karon da 'yar kanwa. A tsane, a zuba a kwando ko masaki tun da zafinta, a rufe da ganye da tsumma a danne, a kai lungu a bar ta kwana biyu zuwa uku. A nan ne ainihin aikin ke faruwa, ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, masana na ce musu Bacillus subtilis, su ne ke farfasa sinadarin gina jiki da ke cikin kalwar, su fito da yauƙin nan da warin da ke sa yara su toshe hanci. Ba a gama ba fa. Sai an kirɓa, an mulmula, an fyaɗa, an shanya a rana. Kusan sati guda kenan don ɗan baƙin abun da za ki jefa a miya ya ɓace. In wannan ba sarrafawa ba ne to ban san me ake kira sarrafawa ba. Gwaggo ba ta san sunan Bacillus ba amma in ta ɗaga tsumma ta shinshina ta san ko ya yi ko saura kwana, kuma ba ta bari wanda ta ga dama ya leƙa mata kwando, tana cewa wani hannun yana ɓata daddawa, ni kuma yanzu da na yi tunani ina ganin tsafta take karewa da wannan camfin. Kuma ba mu kaɗai ba, Yarbawa na da iru, 'yan Mali da Burkina na da sumbala, a Gana dawadawa suke cewa. Wasu yanzu da waken suya suke yi saboda kalwa ta yi tsada, ga kuma daddawar batso ta 'ya'yan yakuwa mai nata hukuncin.

To ga inda za a ji haushina. Ɗanɗanon da daddawa ke ba miya, babban abun da ke kawo shi sinadari ne da ake kira gulutamet. Shi ne kuma dai wanda Kikunae Ikeda ya gano a Japan a 1908, aka fara sayar da shi a 1909 da sunan Ajinomoto, farin magin da ake ta tsine wa. A 1908 ɗin ne ma kamfanin Maggi na Suwizalan ya fito da ɗan dunƙulensa. Saboda haka in na ji wata tana zagin magi tana yabon daddawa saboda wai ita babu sinadari, sai na tuna karin maganar nan, daddawa gaya wa manda baƙi. Eh akwai bambanci, kuma ni ina ɓangaren daddawa: ita abinci ce da kanta, tana da sinadarin gina jiki, shi kuwa dunƙule kaso mafi girma a cikinsa gishiri ne, ki jefa huɗu ki ƙara gishiri a kai sannan a ce ba a san daga ina hawan jini ya zo ba. Amma a faɗi bambancin daidai mana.

Haka tuwo. Surfe meye? Cire dusa ne, a ba awaki. Sai wanki, shanya, niƙa, tankaɗe. Kamu sai an jiƙa gero an niƙa an tace an bar shi ya yi tsami. Kilishi, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa, kuka, duk aikin hannu ne a kai. Rogo mai ɗaci kuwa in ba a jiƙa an matse an soya ko an shanya ba kisa yake, gubar sayanayid ce a cikinsa, sarrafawar ce ke mai da shi abinci.

Abun da masu wa'azin nan ke son faɗi, kalmar ce ba su samu ba, shi ne abun da Carlos Monteiro da abokan aikinsa na jami'ar Sao Paulo a Brazil suka fara nunawa a 2009, daga baya ya zama tsarin NOVA, mai raba abinci rukuni huɗu gwargwadon yadda aka sarrafa shi. Rukunin ƙarshe shi ne matsalar, abincin da aka harhaɗa a masana'anta da kayan da babu su a madafin kowa, kala da ƙamshi da su sukari da mai, irin lemon kwalba, biskit, taliyar yara ta leda. Wannan kam a rage, ban da ja. Sai dai tsakanin ɗanyen gero a zangarniya da lemon kwalba akwai fili mai faɗi, kuma a cikin filin nan gaba ɗaya girkin Bahaushe yake zaune.

Gargajiyar ma in ka matsa mata da tambaya sai ta fara kame-kame. Tuwon masara da kowa ke rantsuwa da shi, ita masarar a ƙasar Meziko aka fara nomanta, ba ta taka Afirka ba sai bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, sunan ma da yawa na danganta shi da Masar, alamar ta hanyar gabas muka san ta. Tumatir, attaruhu, tattasai, gyaɗa, rogo, dankali, gwanda, duk baƙi ne daga nahiyar Amurka. Ka cire su ka ga me ya rage a miyar dage-dage. 'Yan asali su ne gero, dawa, acca, wake, gujiya, kuka, ɗorawa. Wato gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida, kuma ba wanda ya ce ta koma.

Sannan ba duk abun da ya fito daga Allah ta'ala kai tsaye ba hannun kamfani ne ke nufin lafiya ba. Gyaɗa ko masarar da ba ta bushe sosai ba ta yi fumfuna tana ɗauke da afulatoksin, gubar da ke lalata hanta, a Kenya a 2004 ta kashe mutum 125 ta hanyar masarar da mutane suka noma da kansu suka ajiye a gida. Ɗanyar madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka daga saniya. Gishirin leda mai aidin da aka wajabta tun farkon shekarun 1990 kuwa, sarrafaffe ne na kamfani, amma ku tambayi tsofaffi yadda maƙoƙo yake a wuyan mutane a da.

Abun da ya fi ba ni takaici dai kuɗi ne. Manomin da ke can ƙauye wanda buhun taki ya fi ƙarfinsa, kashin awakinsa da tokar murhu yake kaiwa gona a kan jaki, shi ne ya fi kowa kusa da oganik na gaskiya, amma ba shi da takarda, bai ma san kalmar ba, kuma a farashin kowa zai sayar ranar kasuwa. Wanda ya saya a hannunsa ya ƙulla a leda mai sheƙi ya buga tambari shi zai ninka kuɗin, kuma ba wanda zai tambaye shi shaida, ko ya haɗa da na wata gonar da aka yi wa feshi sau biyar.

Jiya da na je awo na ce wa mai waken da na saba saya a wajensa, Baba wannan oganik ne? Ya dube ni ya ce, ɗan nan wake ne. Na ce to an sa masa magani? Ya ce wannan buhun an sa, wancan ba a sa ba shi ya sa ka ga 'yan huji a jiki, in na tuwon biki ne ɗauki mai kyan, in na yara ne ɗauki mai hujin ka shanya. Na auni tiya biyu na mai hujin.