Waiwaye: yadda jiran dawowar Almasihu ya shigo ƙauyukanmu

Tun kafin Turawan mishan su iso, akwai masu jiran dawowar Isa a ƙasar Kano. Su ne Isawa, almajiran Malam Ibrahim, wanda aka kashe a kasuwar Kano wajen 1867 saboda koyarwarsa. Mabiyansa suka watse zuwa Ningi, wasu daga zuriyarsu kuma suka sadu da Likita Miller na Zariya a 1913 suka karɓi bishara.

Amma fassarar dawowar Almasihu da muka tashi da ita a majami'unmu na karkara, ta mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ce. Rowland Bingham da abokansa biyu, waɗanda suka fara wannan mishan, sun sauka Legas a 1893 riƙe da Matiyu 24:14, cewa sai an yi shelar bishara ga dukan al'ummai sannan ƙarshe ya zo. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, a shekarun nan ne kuma SIM ta samu shiga ƙasar Kano ta hanyar jinyar kutare a Yadakunya. Daga nan aiki ya kai Roni da Karaye da Gani, makarantar Baibul ta Tofa ta riƙa yaye masu bishara. Su suka koya wa Maguzawa fyaucewa (wato ɗauke masu bi zuwa sama) da ƙunci mai girma da mulkin Almasihu na shekara dubu, da dare, a tsakar gida, mutane na zaune kan tabarma bayan an ci tuwo. Ikilisiyar ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM aka kafa ta a 1954, ta gaji wannan koyarwa.

Abin da ke damuna shi ne masu sa ranar dawowar Almasihu. William Miller na Amurka (ba likitan Zariya ba) ya sa dubban mutane jiran 22 ga Oktoba 1844, wasu har suka bar amfanin gona bai girbu ba. Harold Camping, wani mai wa'azi na Amurka, ya ce 21 ga Mayu 2011. Duk gari ya waye. A da irin wannan labari kan daɗe bai iso mu ba. Yanzu yaro ya kai waya caji ranar kasuwa, ya dawo da bidiyo ta WhatsApp, kafin Lahadi ya zagaye zumuntar mata. Haka aka yi lokacin korona, da aka ce allurar rigakafi ita ce alamar dabbar nan ta Ru'ya ta Yohanna 13, lamba 666. Tsoron ya shiga gidaje da yawa, kuma abin tausayi ne, domin masu tsoron mutane ne masu son Ubangiji da gaske.

Yesu ya faɗa a Matiyu 24:36 cewa ranar nan ba wanda ya sani sai Uba, ya ce a zauna a faɗake. Ikilisiyar Tasalonika ma ta yi fama da waɗanda suka ajiye aiki, har Bulus ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Dattawanmu da suka fara ba da gaskiya sun ji wannan sarai. Suna rera waƙar zuwan Ubangiji, suna kai taki gona tun rani, suna sa 'ya'yansu makaranta. Ina roƙon fastocinmu su riƙa karanta Matiyu 24 da 25 gaba ɗaya tare da jama'a a nazarin mako, aya bayan aya, su kuma ba matasa dama su kawo bidiyon da suka gani a auna shi da abin da ke rubuce.