Kirifto a Legas: tambayoyin da na gaji da amsawa

Teburin canjina yana Agege. Tun ranar da samari suka gano ina saye da sayar da USDT, wani nau'in kirifto, wato kuɗin intanet, wayata ba ta huta ba. Mai kira daga Mile 12, mai aiko da murya daga Idi Araba, mai tare ni bayan sallar Juma'a, duk tambayoyin nan ne dai. Na rubuta su sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Wai gwamnati ta haramta kirifto?

A'a. Labarin da ke hannunka ya tsufa. A watan Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu harkar, sannan ya janye hanin a Disamban 2023. A Maris na 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta sa wannan harka ƙarƙashin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari.

Mene ne USDT?

Kuɗin intanet ne da kamfanin Tether ke fitarwa, an ɗaure farashinsa da dala, ɗaya da ɗaya. Shi ne abin da mutanenmu suka fi saye, saboda sun ga yadda naira ta zube bayan an sake ta a watan Yunin 2023.

Wani kamfani ya ce zai ninka min kuɗina cikin wata ɗaya. In saka?

Haba ɗan'uwa! Sau nawa za a yi mana wannan? MMM ta kulle kuɗin mutane a Disamban 2016, muka yi kuka. CBEX ta rufe a Afrilun 2025, har masu fushi suka fasa ofishinta a Ibadan, muka sake kuka. Na ga mai sayar da albasa da ya zuba jarinsa kaf, na ga wanda ya saka kuɗin adashin matarsa. Ba wata na'ura da ke ninka kuɗi. Kuɗin wanda ya shigo yau ake ba wanda ya shigo jiya, ranar da sababbi suka daina shigowa a rufe ƙofa. Sabuwar dokar ta tanadi ɗauri mai tsawo ga masu shirya irin wannan, amma ɗaurinsu ba zai dawo maka da jarinka ba. Kuma in kai ne ka ja 'yan'uwanka ciki don a ba ka kamasho, haƙƙinsu na wuyanka.

eNaira ma kirifto ce?

A'a. Naira ce ta Babban Banki a cikin waya, Buhari ya ƙaddamar da ita a Oktoban 2021. Ba ta tashi, ba ta sauka, kuma ban taɓa samun mai neman canjinta ba.

Pi ɗina zai kai farashin da ake faɗa a guruf?

Ba zai kai ba. Pi kirifto ne da ake tarawa ta hanyar danna manhaja a waya. An buɗe kasuwarsa a Fabrairun 2025, farashin yana nan kowa na iya dubawa. Ka ci gaba da danna wayarka in kana so, amma kada ka bar shagon maigidanka saboda shi, kuma kada ka ba kowa kalmomin sirrin walet ɗinka, wato asusun da kake ajiye kirifto, da sunan zai taimaka maka cirewa.

Na sayar da USDT ta P2P, wato kai tsaye ga wani mutum ta manhaja, an turo min naira, yanzu banki ya kulle akawun ɗina. Yaya zan yi?

Yawwa, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Da farko ka kwantar da hankalinka, kulle akawun ba hukunci ba ne, kuma da yawa ana buɗewa. Abin da galibi ke faruwa shi ne, nairar da aka turo maka ba ta mai sayen ba ce. Wani aka damfara a wani gari, ko aka karɓi kuɗin fansa, sai ɓarawon ya nemi ya wanke su: ya sa aka turo maka nairar, kai ka sakar masa USDT, ya ɓace. Wanda aka cuta ya kai ƙara, aka bi sawun kuɗin, sawun ya tsaya a kanka. Kai ne mai suna da BVN, shi ba a san fuskarsa ba.

Ka je reshen bankinka da ƙafarka, ka roƙi su faɗa maka wa ya nemi a kulle. Amsar tana da muhimmanci, don hanyoyin sun bambanta. In bankin ne da kansa ya ga shigar kuɗi da ba ta dace da tarihin akawun ɗinka ba, wani lokaci bayani da takardu sun isa. In wani banki ne ya kai ƙorafi a madadin abokin hulɗarsa, mai yiwuwa adadin da ake rigima a kansa kawai za a riƙe, mai yiwuwa kuma duka. In kuwa umarnin kotu ne da 'yan sanda ko EFCC suka samo, to ka nemi lauya tun kafin ka amsa gayyata, kada ka tafi kai kaɗai kana cewa ai kana da gaskiya. Gaskiya a wannan wuri takarda take so.

Takardun kuwa su ne: hoton cinikin a manhajar da ka yi amfani da ita, lambar odar, hirarku da mai sayen, lambar shaidar tura USDT ɗin, da bayanan akawun na banki. Kada ka goge komai. Kada kuma ka ɓoye cewa kirifto ka sayar ka ce kuɗin shanu ne, ƙarya ɗaya za ta rushe sauran maganarka.

Zan faɗa maka abin da ba ka son ji. Akwai yiwuwar a ce ka mayar da kuɗin ga wanda aka damfara, kai ka tashi babu naira babu USDT. Ya danganta da ƙarfin shaidarka, da wanda ke riƙe da fayil ɗin, da ko an kama ainihin mai laifin. Wani ya gama cikin mako biyu, wani ya shafe watanni yana zirga-zirga zuwa ofishin EFCC na Ikoyi. Duk wanda ya yi maka alkawarin buɗewa gobe in ka ba shi wani abu, damfara ta biyu ke nan.

Ni ma an taɓa kulle min, sau ɗaya, saboda na karɓi kuɗi daga sunan da bai yi daidai da na mai sayen ba. Ya ce akawun ɗin ƙanwarsa ne. Tun daga ranar, in suna ya saɓa, ba na sakin ko sisi. Farashin da ya fi na kasuwa daɗi ma ina gudunsa, don mai kuɗin halal ba ya sayen dala da tsada haka kawai. Kuma akawun ɗin P2P daban, na cefanen gida da kuɗin makarantar yara daban. Alhaji, in ka haɗa su wuri ɗaya, ranar da aka kulle har tuwon dare sai ka ranta.

Me ya faru da Binance, babbar manhajar cinikin kirifto?

A Fabrairun 2024 naira na faɗuwa, gwamnati ta zargi kasuwarta da hura wutar farashin dala. Gwamnan Babban Banki, Cardoso, ya ce dala biliyan 26 ta ratsa ta cikinta a shekara ɗaya. Aka tsare jami'anta biyu a Abuja, ɗaya ya tsere, ɗayan sai Oktoba aka sake shi. A Maris ta cire naira daga manhajarta.

Harkar kirifto halal ce?

Malamai sun saɓa, ni ɗan canji ne. Ka tambayi malamin da ya fahimci harkar, ka faɗa masa ainihin abin da kake yi, don sayen USDT hannu da hannu daban yake da cacar hasashen farashi da bashi.

Ina harkar ta dosa?

Wajen rajista da haraji. A Agustan 2024 SEC ta ba kamfanoni biyu na gida, Busha da Quidax, amincewar farko, kuma tun dokar kuɗi ta 2023 aka sa haraji a kan ribar irin wannan kadara. Ina ganin zamanin ciniki a ɓoye yana ƙarewa, kuma ban yi baƙin ciki ba, don mu ƙanana ne ke shan wahalar rashin tsari. Masu sayo kaya daga Sin a Alaba da Computer Village ba za su daina neman dala mai sauri ba, saboda haka USDT na nan. Bitcoin kuwa, wanda ya gan shi wajen dala 69,000 a 2021, ya gan shi wajen 16,000 a 2022, ya kuma gan shi ya haura 100,000 a Disamban 2024, ya san ba wurin ajiye kuɗin haya ba ne.

In na mutu fa?

Ba wanda ke min wannan tambayar, shi ya sa na yi wa kaina. Walet ba ta da manaja da magada za su je wa da takardar kotu. In kalmomin sirrinta goma sha biyu suka tafi da kai, dukiyar marayu ta tafi. Ka rubuta su da biro a takarda, ba a waya ba, ka adana inda ruwan damina ba ya shiga, ka sanar da mutum ɗaya amintacce inda take, sannan ka sa adadin a cikin wasiyyarka tare da basussukan da ke kanka.